Shogilas, kabet ɗin duro ko mazaunin randa na sassaƙa: wanne za a sa wa amarya a ƙauye?

Tunda aka kai amfanin gona gida biki ya kankama a yankinmu na Ringim zuwa Taura, kuma bana wani sabon yayi ya shigo maganar jere, 'yan mata sai su nuno wa iyayensu hoton wani kabet a waya, dogo mai ƙafafu sirara an zane shi da baƙi da fari da jan ƙasa, ko wani mai ramuka ramuka da kwalabe a kwance, su ce Umma irin wannan nake so a kusurwar ɗakina na riƙa ajiye zoɓo da kofuna. Kafinta kuma in an kai masa hoton ba zai ce bai iya ba, zai karɓi kuɗin kafin alƙalami ya buga wani abu da katakon MDF. To ni dai na yi wa ƙannena jere, na ga abin da ya daɗe na ga wanda ya lalace kafin a yi goyon fari, shi ya sa nake so mu zauna mu auna abin nan da kyau kafin a zuba kuɗin gyaɗa da riɗi a ciki.

Da farko ya kamata a san yawancin kabet ɗin da ke cikin hotunan nan na ajiye giya ne, ruwan inabin nan mai sa maye, an ƙera su ne don gidajen masu kuɗi da otal otal na Kef Tawun da Johannasbag da Turai. Mu kam Allah ya raba mu da ita, ba ita ce maganar ba. Amma masu ƙera su 'yan Afirka ne kuma aikinsu abin a tsaya a kalla ne wallahi. Akwai wasu mata da miji a Johannasbag, Adriaan Hugo da Katy Taplin, kamfaninsu Dokter and Misses, sun yi jerin kabet da suka sa wa suna Kassena, zanen jikinsu da hannu aka yi shi, kuma daga gidajen ƙasa na ƙabilar Kasena da ke iyakar Burkina Faso da Gana suka ɗauko shi, gidajen nan na Tiebele da mata ke yi wa zane, waɗanda UNESCO ta sa fadar sarkinsu cikin kayan tarihin duniya a 2024. A Wagadugu akwai Hamed Ouattara, shi da tsofaffin duro na mai yake aiki, a buɗe duron a daddaƙe shi a yi kabet da shi, fentin kamfani da tsatsar jikinsa duk a bar su a gani, kuma har Amurka ana baje kolin kayansa. Ousmane Mbaye na Dakar shi ma ƙarfe da duro ne, kafin nan gyaran firji yake yi. Kinga kenan kayan da suke aiki da su, ƙasa da duro da itace, babu wanda ba mu da shi a bayan gida.

Inda matsalar take shi ne siffar. Kwalbar giyar nan ana kwantar da ita ne saboda murfinta na ɓawon itace ne, in ya bushe iska ta shiga ta lalace, ana so ta zauna a duhu a rufe a sanyin da bai wuce digiri 13 ko kusa da haka ba, wani lokacin shekaru. Shi ya sa kabet ɗin yake da ramuka a kwance da ƙofa mai rufewa ruf. Namu abin shan fa? zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, fura da nono, ruwan tsamiya lokacin azumi, sai uwa uba ruwan sha. Babu mai kwana biyu a cikinsu in ba sanyi, kunun aya ma a bazara kafin la'asar ya fara tsami, robar zoɓo in kin kwantar da ita yoyo za ta yi ta kira tururuwa, in kuma ta fara tashi murfin ya yi tsalle. Namu a tsaye yake so, kuma iska yake so, sanyin ƙauye duk daga iska da laima yake zuwa. Duk abin da za ki zaɓa ki auna shi da wannan.

Shogilas shi ne kowa ya sani, shi ya gaji kabet ɗin kwanuka na iyayenmu, na samira da tasoshi da fanteka, wanda shi ma ya gaji jeren ƙore. Ba zan raina shi ba, don ranar kai amarya shi ne yake cika ido, gilas yana ƙyalli an jera kofuna da jug da filas, dangin miji su shigo ganin ɗaki su fita suna yabawa, kuma shi ne mafi sauƙin samu, kowane kafinta a Gumel ko Haɗeja ko Kazaure zai haɗa miki cikin 'yan kwanaki, allunan ma daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ake kawo su a yanke. Ƙura ba ta shiga sosai, wannan babban abu ne da hunturu. Amma MDF garin katako ne aka haɗa da gam aka matse, aka liƙa masa fata mai sheƙi a sama, abokin gabarsa ruwa. Ki je ɗakin duk amaryar da ta yi damina biyu a ɗaki mai daɓen ƙasa ko simintin da ke tsatsafo, ki durƙusa ki duba ƙasan shogilas ɗin, za ki ga gindin ya kumbura ya yi laɓo laɓo, fatar ta ɗago tana naɗewa, in kin sa farce garin katakon ya biyo hannunki, sukurorin ƙofa sun saki ƙofar ta karkace ba ta rufuwa. Kuma ba ya gyaruwa, katako na gaske in ya jiƙe a shanya shi, wannan in ya sha ruwa shi kenan. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da nan Ringim da ambaliyar 2022 ta shiga wa ɗaki sun san wannan, gadon ƙarfe ya fita, turmi ya fita, shogilas kuwa ko motsa shi ba a iya yi ba tare da ya wargaje ba. To balle a ce a ɗora masa randa ko kula mai zufa. Sannan cikinsa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano, ɗumi yake tarawa, ki sa nono a ciki da safe ki ga yadda zai koma da azahar. Gaskiyar magana shogilas na kofuna ne da kayan kallo, ba wurin abin sha ba ne. In dole sai an saya, a ce wa kafinta ya yi masa ƙafafu na katako mai ƙarfi ko na ƙarfe ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, bayansa kar ya jingina da bango, in da hali ma a yi shi da filawud mai kauri maimakon MDF.

Na duro ko ƙarfe shi ne ya fi kama da na hotunan, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne maƙeranmu sun daɗe suna wannan aiki, akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana da murhun gawayi da ƙyauren shago duk daga irin wannan ake yi, sai dai ba a taɓa ce musu su yi don kyau ba. Mai walda mai basira in kin zauna da shi zai fitar miki da kabet mai ƙafafu dogaye, ƙofa mai huji huji da aka fasa da zanen dagi don iska ta ratsa, a yi masa fenti. Gara ba ruwanta da shi, ɓera ba ya huda shi, ana sa masa kwaɗo, kuma in an tashi ƙaura a ɗora a amalanke ko a bayan a-kori-kura ba abin da zai same shi. Ga malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ake yi wa canjin wurin aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Illarsa uku ne kuma duk masu nauyi. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, in rana tana taɓa shi ta taga ko ta ƙofa to abin da ke ciki ya dahu. Tsatsa kuma tana fara ci daga ƙafa da wurin walda, sai an fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin na ado, kuma duk bayan damina a duba. Na ukun shi ya fi damuna, duro ba a san me ya ɗauko ba, wani man inji ne, wani sinadarin masana'anta ko maganin feshi, dan Allah kar a yarda a yi wurin abin sha da duron da ba a san asalinsa ba, gara a sayi sabon falange, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ko da ya fi tsada. A kuma sa mai waldan ya naɗe bakin ƙarfen ya goge kaifin, don yara masu rarrafe nan za su fara dafawa su miƙe.

Yanzu ga wanda zuciyata take kai, mazaunin randa na sassaƙa. Abin da nake nufi, a samu masassaƙi, irin mai turmi da akushi da kujerar tsugunno, ya sassaƙa mazauni mai ƙafa uku ko huɗu daga itace mai nauyi, samansa da gurbi zagayayye da gindin randa zai zauna daram, gefe ko ƙasa da wurin jera robobi da ƙwarya da ludayi, babu ƙofa babu gilas, iska tana ratsawa ta ko'ina. Randar ƙasa sanyinta daga zufarta yake, ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafin cikin. In kin taɓa jikin randa mai kyau da tsakar rana a bazara za ki ji damshi da sanyi a tafin hannu, ƙasanta da ɗan duhun laima, ruwan kuma da ƙamshin ƙasar nan da ba a samu a firji. To in aka kulle ta cikin kabet, ko aka shafa mata fentin mai wai don ta yi kyau, an toshe hanyar kenan, ta koma bokiti. Na ga ana yi wa randunan amare wannan fentin yanzu, raina yana ɓaci, in ado ake so a yi shi a wuyanta kawai ko a jikin mazaunin.

Kuma mu 'yan Jigawa muna da haƙƙi a wannan fanni fiye da kowa. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, shi ne ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukanmu, a sa ƙarama cikin babba a cika tsakaninsu da yashi mai laima a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000 ta dala 75,000 saboda ita. A gwajin da aka bayar da rahotonsa, gauta da ke lalacewa a kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai sun kai mako uku, alayyahu da ke yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. Duniya ta ɗauka, har Sudan aka kai dabarar, mu kuma mun bar ta a bayan ɗaki muna jin kunyar shigo da ita cikin jere. To me zai hana mazaunin ya zama mai gurbi biyu, ɗaya randar ruwa, ɗaya tukunya cikin tukunya da za a tsayar da robobin zoɓo da ƙwaryar nono a ciki? Ba za ta yi ƙanƙara ba, kar a yaudari kowa, kuma kunun aya ko a ciki ba zai kwana biyu ba, amma abin da aka dama da safe zai kai magariba da sanyinsa, kuma lokacin da ta fi aiki shi ne lokacin da aka fi buƙatarta, bazara da iska take a bushe. Da damina iska ta jiƙe sanyin yana raguwa, wannan haka yake. Sai an riƙa zuba wa yashin ruwa safe da yamma, kuma a ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, kusa da ƙofa ko taga, ba lungun bayan gado ba.

Ɗaga randa sama yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Randar da ke ƙasa kowa moɗa yake tsomawa, yaro ya taso daga wasa ya zura hannu har wuyan hannu, kaji su hau faifan, daga nan gudawa take samun hanya. In tana kan mazauni mai tsayi ana iya sa maginin tukwane ya bar huji kusa da gindi tun tana ɗanya a ɗaura ƙaramin famfo na roba, kofi ya shiga ƙarƙashi, bakin randar ya zauna a rufe. Amma a tuna da nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, randa mai cin jarka biyu masu lita 20 kowacce da nauyin yumɓunta ta haura kilo 50, don haka ƙafafun su buɗe waje, kar a yi su sirara a miƙe don kwaikwayon hoto, yaro ɗaya ya rataya a jiki sai labari ya canja.

Maganar itace kuma a nan ake cuta ko a ci riba. Ƙirya ita ce sarauniya, ita ake turmi da taɓarya da ita, gara ba ta cika kusantarta ba, sai dai ta yi wuya yanzu masu gawayi sun cinye ta. Maɗaci yana da jan launi mai kyau yana kuma karɓar sassaƙa, kanya da marke su ma suna da ƙarfi. Amma ni abin da nake ba da shawara darbejiya, ga ta ko'ina a Jigawa, danginsu ɗaya da maɗaci, ɗacinta yana sa ƙwari ba sa sonta, kuma ba sai an je an sare wata tsohuwar bishiyar gona da ta rage ba, mu da hamada take matsowa ta Maigatari da Ɓaɓura bai kamata kayan ɗakinmu su ƙara mana wannan ciwon ba. Wanda za a guje wa shi ne farin katako mara nauyi da ɗanyen itace ko na mene ne. Ɗanye in hunturu ya buga shi tsagewa zai yi tun daga gurbin har ƙafa. Wani dattijon masassaƙi da na kai wa hoton a waya ya juya shi ya duba, ya ce 'yata wannan ai ba wuya, amma ki ba ni lokaci itacen ya sha iska, in kina gaggawa je wurin kafinta. Na ce Baba zane fa, ya ɗauko wani akushi baƙi ya nuna min layukan da aka ƙona da ƙarfe mai zafi a bakinsa, ya ce wanda ya yi wannan zai gagara yin dagi a ƙafar mazauni? Aibin wannan zaɓi kenan, jira, da kuma cewa ba kowane gari ke da masassaƙi mai hannu ba, wani sai ya yi miki abu mai kauri ba fasali. Sannan ba ya hana ƙura, kofuna sai an kife su an rufa da faifai ko kyalle. Kuma sai uwar amarya ta daure da magana, don za a samu gwaggon da za ta ce an kai yarinya da randa kamar zamanin da.

Akwai na huɗu, a gina shi a jikin bango, dakali mai gurbin randa da alkuki a sama na kofuna, magini ya yi masa zanen nan na soro irin wanda ake gani a Gidan Makama da tsofaffin gidajen birnin Kano, a shafe da makuba ko siminti. Wajen kyau babu wanda ya kama ƙafarsa, zanen bangon ƙasa ne ma ainihin abin da masu kabet ɗin Kassena suka kwaikwaya, kuma ginin ƙasa yana riƙe sanyi. Sai dai ba kayan jere ba ne. Kayan ɗaki na mace ne, in zama ya yi daɗi nata ne, in Allah ya kawo rabuwa ko rasuwa ko ƙaura ta kwashe abinta, abin da aka gina a bango kuwa ya zama na gidan. Don haka wannan aikin maigida ne, ya yi shi a zaure ko rumfar tsakar gida don baƙi, kuma a lura laimar randa kar ta riƙa taɓa bangon ƙasa kai tsaye, a sa kasko a ƙarƙashi ya tare ɗigon.

Firji da sola ban manta da shi ba, wanda yake da hali ko mai sana'ar sayar da zoɓo da ƙanƙara ya saya, zai mayar da kuɗinsa musamman da azumi, amma batir da gyara suna nan suna jira, kuma ko gidan da ke da firjin za ki tarar tsofaffi randa suke nema.

To in ni ce uwar amarya, ɗakin kuma na ƙasa ne ko garin yana cikin fadamar kogin Haɗeja inda ruwa ke shiga, ko kallon MDF ba zan yi ba, mazaunin darbejiya mai gurbi biyu zan sa a yi, kofuna kuma a rataya musu ƙaramin kanta a bango. In ɗakin siminti ne mai tayil a kan tudu kuma yarinya ta ƙwallafa rai a kan gilas, a rage girman shogilas ɗin a yi rabin wanda aka yi niyya, ragowar kuɗin ya isa mazauni da randa biyu har da canji. In miji ma'aikaci ne mai yawo, na ƙarfe da sabon falange, ƙofa mai huji, randar kuma a saya a duk garin da aka sauka tunda ita ba ta son tafiya. Randar a fara sayenta kafin a je wurin masassaƙi, a ƙwanƙwasa ta da yatsa a ji ta yi ƙara tas ba gaf gaf ba, a cika ta da ruwa ta kwana a ga zufa take ko yoyo, sannan a kai masa ita ya auna gurbin a jikinta, don randa biyu ba sa taɓa zuwa daidai. In bikin bayan sallah ne ko kaka mai zuwa, yanzu da hunturu ya kamata a ba da aikin, itacen ya bushe a hankali a inuwa, in ya gama a shafe shi da man gyaɗa ko man kaɗanya a bar shi ya sha kafin a ɗora komai.